Ɓarawon Da Ba Ya Fasa Rumbu

Kowane manomi ya san ɓarawon rumbu, ya san ɓarawon shanu, ya san ɓeran da ke kwana cikin dami. Waɗannan duka in sun yi ɓarna a kan ga alama da safe, ko ƙofa a ɓalle, ko turke ba dabba, ko sawu a ƙasa. Amma akwai wani ɓarawo da ya yawaita a ƙasar nan cikin 'yan shekarun nan, shi ba ya haura katanga, kare kuma ba ya yi masa haushi. Abin da ya ke ɗauka shi ne sunan mutum. Ya ci bashi da shi, ya buɗe asusun banki da shi, ya karɓi takin da aka rubuta wa mai sunan. Mai suna kuwa yana gida bai san an yi ba, sai ran da masu bin bashi ko 'yan sanda suka yi sallama a ƙofar gidansa.

Wani zai ce, yaya za a saci suna, alhali kuwa suna ba kaya ba ne? To, a da gaskiyarsa ce. A zamanin da a ke biyan haraji da jangali, shaidar mutum ita ce mai unguwa da dagaci. In baƙo ya zo ya ce shi ne wane ɗan wane, sai a yi dariya, don kowa ya san wane, ya san ubansa, ya san gonar da suka gada. Mai sayen gyaɗa da zai ba manomi kuɗin somin damina ya san fuskarsa, ya san hanyar gidansa. Yanzu kuwa wanda zai ba ka bashi yana Legas ko Abuja, bai taɓa ganinka ba, ba kuwa zai gan ka ba. Abin da ya sani game da kai lambobi ne kawai. Duk wanda ya zo masa da lambobin, a wurinsa kai ne.

Lambobin nan uku ne. Ta fari ita ce BVN, wadda Babban Bankin Nijeriya ya fito da ita a watan Fabrairu na 2014, mai alƙaluma 11, ita ce ta ɗaure dukan asusun da mutum ya ke da su a bankuna dabam dabam wuri guda. Ta biyu ita ce NIN, watau lambar zama ɗan ƙasa, ita ma alƙaluma 11, daga hukumar NIMC wadda aka kafa a 2007. Ta uku, wadda mutane suka fi rainawa, ita ce lambar wayar da ke aljihunka. Tun watan Disamba na 2020 Gwamnati ta ba da umarni a haɗa kowane layin waya da NIN ɗin mai shi. Saboda haka ukun nan sun zama kamar shanun da aka ɗaure da igiya ɗaya, in ka kama ɗaya sauran sai su biyo.

Ga manomi, ƙofar da ɓarawon nan ya fi shigowa ta cikinta ita ce rajistar taimako, abin da a ke kira tallafi. Ya kamata mu tsaya a nan sosai, gama a nan ne ɓarnar ta fi yawa, a nan ne kuma mutum ya ke miƙa wuyansa da hannunsa.

A 2012, sa'ad da Akinwumi Adesina ya ke Ministan Gona, aka fara raba takin zamani ta hanyar waya. A rubuta sunan manomi da lambarsa, saƙo ya zo masa, ya je ya karɓi buhu 2 a rabin kuɗi. Daga nan ne manoma da yawa suka saba da cewa in an zo rubuta suna, alheri ne ke tafe. Sa'an nan a watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi, wanda a ke kira Anko Borowa. A cikinsa an riƙa haɗa manoma rukuni rukuni, mutum 5 zuwa 20, a ba su iri da taki da maganin feshi, in kaka ta yi su biya da amfanin gona. Kafin shekarar 2023 kuɗin da Babban Banki ya fitar ta wannan hanya ya haura naira tiriliyan 1. Manoma na gaskiya sun amfana, ba a musun wannan. Amma an sha jin kukan manoman bogi, watau mutanen da ba su san kan fartanya ba, suka karɓi kaya da sunan noma. To, sai mu tambayi kanmu, manomin bogi da sunan wa ya ke cika rukuninsa?

Ga yadda abin ke faruwa. Wani ya zo gari da bazara, ya sha babbar riga, da jaka cike da fom. Ya ce an turo shi ne daga sama, za a ba da taki kyauta, amma gurbi kaɗan ne, gobe za a rufe. Ya karɓi kwafin takardar NIN, da lambar BVN, da hoto 2, ya ce a dangwala yatsa a ƙasan takarda. Takardar nan kuwa ko dai da Turanci ta ke ba wanda ya karanta, ko kuma babu kome a jikinta, ya ce zai cika in ya koma ofis, don kada ya ɓata wa mutane lokaci. Bayan wata guda ya dawo ya ba kowa buhu guda, ko 'yan kuɗin cefane, aka yi ta sa masa albarka. Alhali abin da aka rubuta da sunan kowane mutum kayan noman kadada guda ne cur, kuma rance ne, ba kyauta ba. Ragowar ya sayar a kasuwa. Buhun da aka yi ta godiya a kansa shi ne tsabar da a ke zuba wa kaza a kama ta.

Wani zai ce, to, ai ban ga kuɗin ba, su je su nemi wanda ya ci. Ba haka banki ke lissafi ba. Tun ran 1 ga Agusta 2020 akwai ƙa'idar Babban Banki wadda ta ba banki damar, in mai bashi ya ƙi biya, ya bi BVN ɗinsa ya cire kuɗin daga duk asusun da ya ke da shi a wani banki, muddin ya sa hannu a takardar yarda da haka sa'ad da ya ke karɓar rancen. Takardar yardar nan tana iya kasancewa cikin waɗanda aka dangwala wa yatsa a gindin bishiya. Sai mutum ya sayar da waken suyarsa a Dawanau, dillali ya tura masa kuɗi, kafin ya hau mota kuɗin sun ɓace. Ko kuwa ran da ya tashi neman rance na gaskiya, don sayen injin ban-ruwa ko shanun huɗa, a duba a ce masa sunansa na cikin waɗanda ba su biya ba, gama bankuna suna da ma'ajiya guda inda su ke kai sunan duk mai bashi.

Ba mu ce a guji rajista ba. Manomin da ba a rubuta shi ba taimakon gaskiya ma zai wuce shi. Abin da mu ke cewa shi ne a yi tambaya uku kafin yatsa ya taɓa tawada: wace hukuma ce ta turo ka, kyauta ne ko bashi, in bashi ne nawa aka rubuta da sunana? A nemi malamin gona na ƙaramar hukuma a ji ko ya san da zancen, a ji daga bakin dagaci. A sa yaro ɗan makaranta ko malamin da aka yarda da shi ya karanta takardar da ƙarfi gaban jama'a. Kada a dangwala wa farar takarda ko da wanda ya kawo ta surukinka ne. In an cika, ka ɗauki hotonta da waya, ko ka ce a ba ka kwafi. Mai gaskiya ba zai ji haushin wannan ba. Wanda ya fara faɗa yana cewa ana ɓata masa lokaci, to, ya gaya maka ko shi wane ne.

A nan kuma tilas mu faɗi wata magana ko da ba ta da daɗi. Waɗanda aka fi cuta ta wannan hanya mata ne da tsofaffi, mai cutar kuwa sau da yawa ba baƙo ba ne. A aiko yaro ya zaga gida gida ya tattara katunan matan aure, wai za a sa su cikin tallafi. Su ba su fita ba, ba su ga fom ba, ba su san abin da aka rubuta ba. Maigidan da ba zai yarda baƙo ya leƙa masa tsakar gida ba, yaya zai bari a fita da shaidar matansa cikin leda?

Akwai kuma masu sayen suna da tsabar kuɗi, ba ɓoye ɓoye. A watan Yuli na 2025 hukumar EFCC ta yi shela cewa akwai samari wajen 12,000 a ƙasar nan masu yawo suna ba mutane naira 1,500 zuwa 2,000 don su karɓi NIN da BVN da hotonsu, sa'an nan su sayar da su a kan wajen naira 5,000. Da waɗannan bayanai a ke buɗe asusu a yi zamba da shi. Jama'a, a auna wannan ciniki. Naira 2,000 ba ta sayen kaza. Amma asusun da aka buɗe da sunanka, in kuɗin damfara ko kuɗin fansar wanda aka sace suka bi ta cikinsa, sunan da masu bincike za su gani naka ne, hoton naka ne, garin naku ne. Haka nan layin waya. Wanda ya ce ka ara masa NIN ya yi wa siminsa rajista don nasa ya ba da matsala, ka sani duk kiran da aka yi da layin nan a kanka aka rubuta shi. A ƙasar da ɓarayin daji ke kiran iyalin wanda suka kama ta waya, wannan ba abin wasa ba ne. Ko da daga baya gaskiya ta fito, wa zai biya ka kwanakin da ka yi a tsare, da shukar da ta wuce ka? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Yanzu sai zancen wayar kanta. Tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, sa'ad da aka sake fasalin naira tsabar kuɗi suka yi wuya, cinikin hatsi da na dabbobi da yawa ya koma ta waya, daga Dawanau har Maigatari, har kasuwar shanu ta Potiskum. Watau ɗan simin nan da bai kai farce girma ba ya zama mabuɗin rumbu. Mai yankan aljihu a ranar kasuwa yanzu ba wayar ta dame shi ba, ko da rakani-kashi ce mai tsagaggen gilashi. Simin ya ke so. In ya sa shi cikin wata waya, saƙonnin banki za su nuna masa inda ajiyarka ta ke, yana kuma iya tambayar BVN ɗinka ta layin, kamar yadda kai ma ka ke yi, a aiko masa. Duk lambar tabbatarwa da banki zai aiko, hannunsa za ta faɗa. Kafin ka gama cigiya a tasha ya yi nisa.

Maganin wannan ba ya cin ko kwabo, amma kaɗan ne suka yi shi. Kowane sim yana da makulli nasa na kansa, dabam da makullin waya. In an kunna shi, duk sa'ad da aka cire simin aka sa a wata waya, ko aka kashe waya aka kunna, sai an buga lambar sirri kafin ya yi aiki. In an yi kuskure sau 3 ya kulle. Wanda bai iya ba ya je ofishin kamfanin layinsa a nuna masa, amma shi zai zaɓi lambar da kansa, ya buga da hannunsa. Kada kuwa lambar ta zama shekarar haihuwa, ko 1234, ko ƙarshen lambar wayar. Har wa yau, ka tambayi bankinka lambar da a ke bugawa a rufe asusu daga wayar wani in taka ta ɓace. Ka rubuta ta ka ajiye a gida, ka koya wa babban ɗanka. Ran da waya ta ɓace, asusu a ke fara rufewa, sa'an nan layi, sa'an nan a yi cigiya.

Ga wani abu da ya shafi masu zuwa cirani da masu layi biyu uku. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, wata 6 ko fiye, kamfani yana iya rufe shi, daga baya kuma ya sayar wa wani. In layin nan shi ne wanda ka ba banki, to, saƙon kuɗinka wani baƙo ne zai riƙa karantawa. Wanda ya san ya jefar da tsohon layi, ya je banki a sake masa lamba tun kafin kuɗin kaka su shigo.

Game da masu bugo waya su ce daga banki ne, za a rufe asusunka in ba ka faɗi lambar da aka aiko maka yanzu ba, wannan an faɗa an maimaita. Banki ba ya tambayar lambar sirri, ba ya tambayar lambar da ya aiko ta saƙo. Ko da mai kiran ya faɗi cikakken sunanka da ranar haihuwarka, wannan ba shaida ba ce, alama ce dai ta cewa takardarka ta faɗa hannunsa. Kashe wayar kawai. A wurin mai POS kuma, kai za ka buga lambarka, ka rufe da ɗaya hannun. Kada ka faɗe ta da baki don wai ido ba ya gani sosai, kada kuma ka bar kati ya kwana a shago.

'Yan kasuwa su ma suna da nasu. Arzikin dillali sunansa ne, don da shi a ke ba shi buhu ɗari ba takarda. Ɓarawo ya gane haka. Sai ya bugo ya ce shi sakataren ƙungiyar 'yan kasuwa ne, za a yi taro ta waya, an aiko maka da lamba mai alƙaluma 6, karanto masa ya sa ka a ciki. Lambar nan ta WhatsApp ɗinka ce. Da ka karanta, sai ya zama kai. Ya bi abokan cinikinka ɗaya ɗaya da hotonka a sama, ya ce mota ta lalace a hanyar Zariya, a turo kaza zuwa yamma. Waɗanda suka fi yarda da kai su ne za su fara turawa. A cikin WhatsApp akwai wurin sa lambar sirri ta biyu, a sa ta. Kuma a yi al'ada tsakanin abokan ciniki, duk saƙon neman kuɗi, ko duk sa'ad da aka ce an sake asusun da za a tura, sai an kira an ji murya, an kuma yi wata tambaya da baƙo ba zai san amsarta ba.

Ku kuma akawuna, da sakatarorin ƙungiyoyin manoma, da masu shagon kwafi, amanar mutane tana hannunku. Littafin da ke ɗauke da suna 300 da lambobinsu, a wurin ɓarawon nan ya fi tirelar masara daraja. Amma sai ka ga an bar shi a kan tebur, ko an ɗauki hotonsa an tura cikin zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu. Kwafin da ya lalace kuwa a jefa shi kwando, ƙarshensa a wurin mai ƙosai ko mai tsire, ka sayi na ɗari biyu a ƙunshe maka cikin shaidar wani bawan Allah, da hotonsa da ranar haihuwarsa. A ƙone irin waɗannan takardu. Kada a karɓi abin da aikin bai bukata ba. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane nauyin tsare su. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 kuma ta sa yin sojan gona da shaidar wani, rayayye ko matacce, cikin laifuffukan da a ke ɗaure mutum shekaru a kansu.

In kuwa abin ya riga ya faru, kunya ba ta da amfani. Mutane da yawa su kan yi shiru don kada a ce an yi musu wayo, ɓarawo kuwa shirun nan ya ke so. A je banki a ranar, a kai kuka a rubuce, a karɓi shaidar cewa an kai, da kwanan wata a jiki. In banki bai warware ba, akwai sashen kare masu hulɗa da bankuna a Babban Banki, can a ke ɗaukaka ƙara, su kuwa za su tambayi shaidar cewa an fara zuwa bankin. A kai rahoto wurin 'yan sanda a riƙe takardar, don ita ce za ta tsaya maka in an zo da wani laifi da aka yi da sunanka daga baya. A je ofishin kamfanin waya a ce su duba layi nawa aka yi wa rajista da NIN ɗinka, wanda ba ka sani ba a cire shi. Dokar 2017 kuma ta ba kowane mutum damar neman rahoton bashin da ke kan sunansa daga kamfanonin da ke ajiye wannan lissafi, kyauta sau ɗaya a shekara. Ma'aikacin banki zai iya nuna maka yadda a ke nema. In rukuni guda aka cuta, ku tafi tare, da dagaci ko wakilinsa, gama kukan mutum ashirin ya fi shiga kunne.

Saura zancen mamaci. In maigida ya rasu, hankalin iyali yana kan gona da gida da dabbobi, wayarsa kuwa a miƙa wa wani yaro ya riƙa wasa da ita, ko a jefa ta cikin akwati har layin ya mutu a sayar wa wani. Alhali layin nan yana ɗaure da asusunsa, wataƙila da kuɗin amfanin gonar da bai kai ga cirewa ba, kuɗin kuwa na magada ne, har da marayu. Wanda aka ɗora wa kula da gado ya karɓi wayar da katin banki da takardar NIN tun ranar farko, ya lissafa su cikin kayan gado gaban shaidu, ya sanar da banki rasuwar a rubuce, kada kuma ya bar layin ya mutu sai an gama rabo.